Cire manhajojin da suka zo da waya ta hanyar ADB: fita suke yi da gaske ko ɓuya kawai?

Auta_Gusau:
Assalamu alaikum 'yan gida. Wayata mai 32GB ce, RAM 2GB, kuma tun daga kwali ta zo da manhajoji birjik waɗanda ban taɓa buɗewa ba. Akwai wata kasuwar manhajoji ta biyu bayan Play Store, da burauza biyu, da wasanni, da wata ta labarai da ke turo min talla a saman allo dare da rana. Idan na danne su ba na ganin Uninstall, wasu ma ko Disable ɗin ba ya dannuwa. Wani ya ce min ana fitar da su ta kwamfuta da rubuta umarni, ba sai an yi wa waya rut ba, wato buɗe ta don samun cikakken iko a kan tsarinta. Da gaske ne suna fita gaba ɗaya har memori ya ƙaru? Kuma ba zai lalata min waya ba? Ita kaɗai gare ni, da ita nake harkar banki.

MaiGyara_Kano:
Wa alaikumus salam Auta. Gaskiya aka faɗa maka, muna yin sa a shago. Sunan abin ADB, wato Android Debug Bridge, kuma Google ne da kansa ya samar da shi don masu ƙirƙirar manhaja, ba kayan 'yan kutse ba ne. Yana cikin wani ƙunshi mai suna SDK Platform-Tools, kyauta ne a shafin Android na masu ƙirƙira, akwai na Windows da Mac da Linux. Ka sauke shi ka warware zif ɗin a folda guda.

A waya kuma ka shiga Settings, About phone, ka danna Build number sau 7 a jere. Sai ka koma ka nemi Developer options, galibi yana ƙarƙashin System, ka kunna USB debugging. Ka jona wayar da kwamfuta, ka buɗe baƙin allon rubuta umarni a cikin foldar nan, ka rubuta:

adb devices

Wayar za ta tambaye ka ko ka amince da wannan kwamfuta, ka danna Allow. In ka sake umarnin ka ga lambar wayar da kalmar device a gabanta, to an haɗu. Daga nan:

adb shell pm list packages -s

zai jero maka duk manhajojin da suka zo da wayar. Wadda kake son cirewa kuma, ka sa sunanta na cikin jerin a madadin sunan.manhajar:

adb shell pm uninstall -k --user 0 sunan.manhajar

Da ka ga Success ka duba waya, za ka tarar ta ɓace.

Auta_Gusau:
Na gode Oga, Allah ya saka da alheri. To memorin fa? Shi ne ya fi damuna, kullum sai ta ce min wuri ya cika.

Binta_Linux:
Auta, a nan ne nake so ka tsaya ka fahimta kafin ka sa rai. Umarnin da MaiGyara ya ba ka daidai ne, amma ka dubi abin da ke cikinsa: --user 0. Android tana iya ɗaukar masu amfani da yawa a waya guda, kuma mai lamba 0 shi ne mai wayar na asali, wato kai. Abin da kake gaya wa wayar shi ne ta cire manhajar daga gare ka, ba daga cikinta ba. Asalin fayil ɗin manhajar yana zaune a ɓangaren da kamfani ya rubuta tsarin wayar, kuma wannan ɓangare karanta shi kawai ake yi, ba a goge komai a cikinsa ba tare da rut ba. Kamar ɗaki ne a gidan haya da mai gida ya tara kayansa a ciki: ka sa masa kwaɗo, kayan sun daina tare maka hanya, amma ɗakin bai zama naka ba.

Ko da ka yi rut ka goge fayil ɗin ma, girman wancan ɓangare a yanke yake, wurin da ya samu ba zai koma inda kake ajiye hotuna da bidiyo ba. Abin da za ka samu shi ne wurin da manhajar ta ci bayan ka fara amfani da wayar, wato bayananta da tarkacen da ta tara da sabuntawar da ta sauke. Shi ma -k ɗin nan ma'anarsa a bar bayanan da tarkacen a inda suke. Don haka in wuri kake nema, ka fara shiga bayanin manhajar a Settings, ka danna Uninstall updates in akwai, ka share bayananta, sannan ka cire ta ba tare da -k ba.

MaiGyara_Kano:
Hajiya Binta ta yi gaskiya a kan -k. Ni ina sa shi ne don in mai waya ya dawo ya ce a mayar masa, ya tarar da kayansa yadda ya bar su. Amma ban yarda a ce ɓuya kawai take yi ba. Manhajar da aka cire haka ba ta tashi a bayan fage, ba ta cin RAM, ba ta shan data, ba ta turo talla. A waya mai RAM 2GB wannan ba ƙaramin abu ba ne, mai wayar yakan ji bambanci a hannunsa.

Binta_Linux:
Ban ce ba ta da amfani ba Malam. Tambayar Auta ce nake amsawa, ya ce memori. Amfanin yana wajen batir da data da talla, ba wajen wuri ba.

Kyauta_Zariya:
Auta in wuri ne matsalarka ka duba WhatsApp tukuna. Bidiyoyin da ake turowa a guruf-guruf da waɗanda kai ka tura su ne ke cinye yawancin wayoyi masu 32GB. Ka shiga Settings na WhatsApp, Storage and data, Manage storage, za ka ga manyan fayiloli a jere. Wannan ba ya buƙatar kwamfuta ko kaɗan.

Sadiq_BUK:
Ni na gwada yanzu, adb devices ɗin ya nuna List of devices attached amma babu komai a ƙasa. Me ke faruwa?

Sarkin_Kebul:
Sadiq canza kebul. Da yawa daga cikin masu arha na caji ne kawai, babu wayoyin da ke ɗaukar bayanai a cikinsu. In ka jona waya da kwamfuta kana iya ganin hotunanka, kebul ɗin lafiya lau ne. In ba ka gani, shi ne. Bayan wannan ka ja saman allo ka sauya yanayin USB daga caji zuwa File transfer. In har yanzu shiru kuma Windows kake amfani da ita, to direba ce babu, ka nemi direbar USB ta kamfanin wayarka. In kuma ka ga unauthorized, ba ka danna Allow a waya ba ne, ka buɗe makullin allo ka cire kebul ka mayar.

Binta_Linux:
Ƙari a kan na Sarkin_Kebul: in PowerShell ka buɗe, sai ka sa ɗigo da karkatacciyar sanda a gaba, wato .\adb devices, in ba haka ba zai ce bai san adb ba. Masu sababbin Samsung kuma akwai Auto Blocker da ya zo tun One UI 6, yana hana umarni shiga ta kebul, sai an kashe shi na ɗan lokaci. A Samsung ɗin Build number yana cikin Software information ne, a Xiaomi kuwa lambar MIUI ko ta HyperOS ake dannawa.

Sadiq_BUK:
Kebul ne. Na ari na ɗan ɗakinmu ya kawo. Na gode.

DanMaradi:
Salamu alaikum. Don 'yan uwa na wannan ɓangare da wayoyinsu ke cikin Faransanci: Build number shi ne Numéro de build, a wasu wayoyin Numéro de version. Developer options kuma Options pour les développeurs, sai Débogage USB. Umarnin dai iri ɗaya ne ko da wane harshe wayar take. Tambayata ita ce, jerin da yake fitowa duk com.kaza.kaza ne, yaya mutum zai gane wacce ce wacce?

Binta_Linux:
DanMaradi, hanya mafi sauƙi: ka buɗe manhajar a waya ta kasance a kan allo, sannan a kwamfuta ka rubuta

adb shell "dumpsys window | grep mCurrentFocus"

Zai nuna maka sunan ƙunshin abin da ke buɗe a lokacin. In manhajar tana Play Store kuma, ka buɗe shafinta a burauza, abin da ya biyo bayan id= a adireshin shi ne sunan. Misali YouTube com.google.android.youtube ne, Chrome com.android.chrome, Facebook kuma com.facebook.katana. Kana iya tace jerin ma:

adb shell pm list packages facebook

A wayoyin da suka zo da Facebook za ka ga ba ɗaya ba ce, akwai com.facebook.appmanager da com.facebook.system da com.facebook.services, waɗanda ba su da tambari a allo, aikinsu girkawa da sabunta manhajojin kamfanin. Wanda ya cire babbar kaɗai ya bar su, bai gama ba.

MaiGyara_Kano:
To bari in faɗi abin da ya fi komai muhimmanci tunda na ga mutane sun fara gwadawa, kuma shi ne rabin tambayar Auta na biyu. Eh, yana iya lalata waya. Ana kawo mana su a Farm Centre: mutum ya samo jerin sunaye a intanet na wata waya daban, ya kwafa ya zuba gaba ɗaya, waya ta mutu ta kunnu ta tsaya a tambarin kamfani tana juyawa. Waɗannan kar wanda ya taɓa su: com.android.systemui, shi ne saman allo da makulli da maɓallan komawa. com.android.settings da com.android.phone. com.google.android.gms, wanda kusan kowace manhaja ta dogara da shi, har da saƙonnin da banki ke turowa ta manhaja. Duk abin da ke da packageinstaller ko permissioncontroller a sunansa. Duk wanda ya fara da com.android.providers. A Xiaomi kuma com.miui.securitycenter sananne ne, cire shi kan hana waya tashi.

Sai abu biyu da mutane ke mantawa. Kar ka cire manhajar fuskar waya, wadda ke jera tambura, sai ka girka wata tukuna, in ba haka ba baƙin allo za ka gani. Kar ka cire allon rubutu sai kana da wani, kuma ka tabbata sabon yana fitowa tun a wurin sa kalmar sirri bayan an kunna waya. Na sha ganin waya lafiyayyiya amma mai ita ya kasa buɗe ta saboda babu abin da zai rubuta kalmar sirrin da shi.

DanMaradi:
Ka ƙara da com.android.stk Malam. Shi ne menu na layin waya. Sunansa bai nuna komai ba shi ya sa ake ganin tarkace ne, alhali wasu da shi suke tura kuɗi da duba asusu.

Ummu_Hanifa:
Innalillahi. Ni dai jin wannan ya ishe ni. In ta tsaya a tambarin shi ke nan an yi asarar waya?

MaiGyara_Kano:
A'a Hajiya, wayar ba ta mutu ba, kuma dalilin shi ne abin da Hajiya Binta ta bayyana a sama. Tunda asalin fayil ɗin yana nan, in aka shiga recovery, wato menu na gyara da ake buɗewa da maɓallan waya kafin ta tashi, aka yi mata fomat komai zai dawo yadda ya fito daga kamfani. Abin da ake asara shi ne kayan ciki: hotuna, lambobin da ba a ajiye a Gmail ba, hirarrakin WhatsApp. Bayan fomat ɗin kuma za ta nemi asusun Google da ke kanta a da, wanda bai riƙe kalmar sirrinsa ba ya shiga wata matsalar. Don haka kafin komai a kwashe kaya a ajiye, a kuma tabbatar an san kalmar sirrin Gmail.

In wayar tana tashi kuwa, abu ne kawai ya daina aiki, mayarwa layi ɗaya ne:

adb shell cmd package install-existing sunan.manhajar

Binta_Linux:
Shi ya sa ni ba na ba sabon shiga shawarar uninstall. Akwai wanda ya fi shi sauƙin gyara:

adb shell pm disable-user --user 0 sunan.manhajar

Wannan dakatar da ita yake yi. Ba ta tashi, ba ta talla, tambarinta ya ɓace, amma tana nan a jerin manhajoji a Settings da alamar an dakatar, kuma galibi daga nan kana iya danna Enable ba tare da ka nemi kwamfuta ba. Ka dakatar da ɗaya ko biyu, ka kashe waya ka kunna, ka yi kira, ka buɗe kyamara da manhajar banki. In komai lafiya ka ci gaba. Sannan tun farko ka ajiye jerin asali:

adb shell pm list packages -s > jerin-farko.txt

kuma duk wadda ka taɓa ka rubuta sunanta. Wata uku nan gaba in Bluetooth ya ƙi aiki ba za ka tuna abin da ka cire ba.

MaiGyara_Kano:
A nan mun sha bamban Hajiya. Akwai wayoyin da ba sa karɓar disable-user a kan wasu manhajojin kamfani, sai su maido da SecurityException, amma uninstall ya wuce. Kuma na ga wasu da aka dakatar sun farfaɗo bayan wani lokaci. Dakatar da abin da bai kamata ba shi ma yana hana waya tashi, ba wai ya fi aminci ta wannan fuskar ba ne.

Binta_Linux:
Na yarda shi ma yana iya hana ta tashi. Amma ga wanda ba shi da kwamfuta a gida, aro ya yi ko shago ya je, iya mayarwa daga cikin waya babban bambanci ne. Kai kwamfutarka na gabanka kullum, Auta fa?

Baba_Sani:
Yara ku yi haƙuri in tsoma baki. Ni abin da ban gane ba, na biya kuɗina cif na sayi abu, don me sai na nemi kwamfuta da kebul kafin in fitar da abin da ban nema ba? Babu hukumar da ke duba wannan ne?

Kyauta_Zariya:
Baba, ranka ya daɗe, wasu ƙasashen sun duba. Koriya ta Kudu tun 2014 ta fitar da ƙa'idar cewa a bar mai waya ya iya goge manhajojin da aka ɗora masa in ba na dole ba ne. Sin ma ta yi irin wannan doka da ta fara aiki a farkon 2023. Tarayyar Turai kuma dokarta ta kasuwannin dijital ta wajabta wa manyan kamfanoni su ba da damar cire manhajojin da suka zo da na'ura. Dalilin da ya sa ake cusa su kuwa kuɗi ne. Ribar waya mai arha kaɗan ce, sai kamfani ya cike da abin da masu manhaja ke biyansa don a ɗora tasu, da kuma kuɗin talla.

Sarkin_Kebul:
Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ni ba na zafi sosai. Da babu wannan kuɗin da farashin ya fi haka. Wani ba zai iya riƙe wayar ba sam.

Baba_Sani:
To su faɗa mana tun a kwali mana, ɗana. In na sani na zaɓa, babu ƙorafi.

Zangon_Kumasi:
Maganar Baba ta tuna min da abin da ya wuce talla. A 2020 sashen Secure-D na kamfanin Upstream ya fitar da rahoton samun mugunyar manhajar Triada a wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000, a ƙasashen da suka haɗa da Gana da Kamaru da Habasha da Masar da Afirka ta Kudu. Tana sa mutane rajistar ayyukan biyan kuɗi ba da saninsu ba, tana cinye musu data. Kamfanin Transsion, mai ƙera Tecno, ya ce daga wani mai kawo masa kaya ta shigo, kuma ya fitar da gyara. Tambayata ga Anti Binta, irin wannan ADB zai iya fitar da ita?

Binta_Linux:
Ba lallai ba Yaya. ADB yana cire abin da ke da sunan ƙunshi a jerin pm. Irin Triada da aka dasa tun daga masana'anta tana iya zama a cikin fayilolin tsarin wayar kansu, ba a matsayin manhaja mai zaman kanta ba. Za ka iya cire abin da ta sauke, gobe ta sake sauke wani, kuma fomat ma ba ya taɓa ta. Maganinta sabuntawa daga kamfani, ko a yi wa wayar filashin da tsaftataccen tsari na asali.

Nura_Keke:
Tambaya Oga MaiGyara. Wayar da aka karɓa bashi ana biya kaɗan-kaɗan, wadda ke kullewa in ba a biya ba, wannan hanyar za ta cire manhajar kullewar?

MaiGyara_Kano:
Ba za ta cire ba Nura. An ba irin waɗannan matsayin mai kula da na'ura, in ka gwada abin da za ka gani shi ne DELETE_FAILED_DEVICE_POLICY_MANAGER, wasu ma USB debugging ɗin a toshe yake. Kuma ko da akwai hanya ni ba na yi a shagona, ba zan koyar a nan ba. Bashi ne ka ɗauka da yarjejeniya.

Nura_Keke:
Ba gudun biya nake ba Oga. Na kusa gamawa, tsorona kar bayan na gama ta ci gaba da zama a ciki.

Malam_Habu:
Nura tambayarka tana kan hanya in haka ne. Idan ka kammala biya haƙƙinka ne su sake maka waya. Ka riƙe shaidar kowane biya, ka koma wurin da ka karɓa su cire da kansu. Kafin nan kuwa amana ce a hannunka.

Hauwa_Agadez:
Mu da ba mu da kwamfuta kwata-kwata fa? Ko babu rabonmu?

Sadiq_BUK:
Akwai Anti. Daga Android 11 zuwa sama akwai Wireless debugging a cikin Developer options. Ana girka wata manhaja mai suna Shizuku da ke maye gurbin kwamfuta, a haɗa ta da wayar ta hanyar lambobi shida da wayar ke bayarwa, sannan a yi amfani da wata manhajar mai suna Canta a zaɓi abin da za a cire. Sharaɗin dai sai wayar tana kan Wi-Fi, ko da hotspot ɗin wata waya ne. Masu son rubuta umarni da hannu kuma manhajar rubuta umarni ta Termux tana da android-tools, ana yin adb pair daga cikin wayar kanta.

Binta_Linux:
Daidai ne Sadiq. Canta tana amfani da jerin Universal Android Debloater, wanda ya kasa manhajoji gida huɗu: Recommended, Advanced, Expert da Unsafe. Hauwa ki tsaya a gida na farko kawai, shi ma ki karanta bayanin kowacce. Masu sa kai ne suka tara jerin, kuma wayoyin da suka fi yawa a hannunmu ba duk manhajojinsu ne ke da cikakken bayani a ciki ba. Wadda ba ki ga bayaninta ba ki bar ta.

Ummu_Hanifa:
Mai iPhone fa?

Sarkin_Kebul:
ADB na Android ne kaɗai Hajiya. A iPhone tun iOS 10 aka fara bari a cire wasu manhajojin Apple ta hanyar danne tambarinsu, ba kya buƙatar kwamfuta.

Malam_Habu:
Abu ɗaya ban ga an ambata ba, kuma Auta ya ce da wayar yake harkar banki. In an gama a kashe USB debugging. Da yawanmu muna ba da waya a wurin masu caji idan babu wuta, ta yini a hannun wani.

MaiGyara_Kano:
Allah ya saka Malam, wannan wajibi ne. Tun Android 4.2.2 waya ba ta karɓar umarni daga kwamfutar da ba ta sani ba sai an buɗe makulli an danna Allow, to amma wayar da ba ta da makulli kowa zai iya danna mata. A kashe shi, a kuma danna Revoke USB debugging authorizations don ta manta da duk kwamfutar da aka amince da ita, musamman in ta shago ce. Wasu manhajojin banki ma ba sa buɗewa in Developer options a kunne yake, sai mutum ya ɗauka abin da ya cire ne ya jawo. Kashe shi ba ya dawo da abin da aka cire.

Auta_Gusau:
'Yan gida na dawo. Na bi shawarar Anti Binta na fara da dakatarwa a kwamfutar wani yayana. Ta labaran da wasannin sun tafi, tallan saman allo ya tsaya, kuma batir yana kai ni dare. Memori kam kaɗan ya ƙaru, wanda na samu daga WhatsApp kamar yadda Yaya Kyauta ya ce ya fi shi nesa ba kusa ba. Banki yana buɗewa. Sai dai kasuwar manhajojin nan ta biyu ta ƙi dakatuwa, ta kawo dogon rubutu mai SecurityException.

MaiGyara_Kano:
Ita ce irin wadda na faɗa. Ka yi mata uninstall --user 0, ka rubuta sunanta ka ajiye.

Binta_Linux:
Dakata tukuna Auta. A wasu wayoyin ta wannan kasuwar ce kamfani ke sabunta kyamara da manhajar kira da sauran nasa. Kafin ka cire ka gwada hana ta sanarwa da data a bayan fage daga Settings, wataƙila ya wadatar. Turo mana sunan ƙunshin da cikakken rubutun da ya fito mu gani.

MaiGyara_Kano:
Na cire irinta a wayoyi da dama Hajiya, ban ga wadda kyamararta ta tsaya ba.

Binta_Linux:
Ba tsayawa na ce ba Malam, daina samun gyara na ce, kuma wannan ba a ganin sa a ranar.

DanMaradi:
Ni kuma tawa ta nuna akwai sabuntawar tsari tana jira. In na sauke, waɗanda na cire za su dawo ne?

Sarkin_Kebul:
Ƙananan sabuntawa na tsaro galibi ba sa dawo da su, kuma cirewa ta --user 0 ba ta hana sabuntawar shiga tunda ba a taɓa ɓangaren tsarin ba. Babbar sabuntawa, kamar daga Android 13 zuwa 14, ita ce kan dawo da wasu ko ta zo da sababbi. Ka sauke abinka, in ta gama ka sake pm list packages -s ka gwada da jerin da ka ajiye. Auta kai kuma muna jiran sunan ƙunshin.